Abin da Huseina Ta Ɓoye wa Likita

Huseina na cikin zuba wa wani mai sayar da barguna shayi ta hango mijinta tafe ba baro. Shekara goma sha tara Gwadabe yana dako a Kasuwar Libiya da ke yammacin birnin Omdurman a Sudan, yana kwasar dilolin yadi da kwalayen takalma daga bakin manyan motoci zuwa shaguna, ba ta taɓa ganin ya bar baronsa a wani wuri ba. Ko salla zai shiga, sai ya kawo shi gefen teburinta ya jingine.

Wata Alhamis ce cikin watan Janairun 2019. Kusan wata guda ke nan gari ba ya zaune lafiya. Abin ya faro daga tsadar burodi da dogon layin mai, har ya kai matasa na fita kan titi suna cewa gwamnatin soja ta sauka. Tun bayan azahar ake jin ihu daga wajen babban titi, iska na kwaso yajin barkonon tsohuwa har cikin rumfuna.

Gwadabe ya iso a karkace, hannunsa na hagu dafe da haƙarƙarinsa na dama. Ya zauna kan 'yar kujerar masu shan shayi a hankali, kamar mai tsoron kada ta karye.

"Baban Layla, lafiya? Ina baron?"

"Ba ni ruwa tukuna."

Ya kurɓa sau biyu ya ajiye. Sai da mai bargunan ya tashi, sannan ya matso ya yi magana da Hausa, ƙasa-ƙasa, yana yankewa yana jan numfashi. Ya fito kwanar layin masu labule ke nan da kaya, sai ga samari a guje, a bayansu wata buɗaɗɗiyar mota marar lamba. Mutanen cikinta suka diro da sanduna, suka hau duk wanda suka samu.

"Na ce masa ni ɗan dako ne, ga kayan mutane. Bai ko dube ni ba. Gindin bindiga ya sa mini a nan. Da na faɗi ya ƙara mini da takalmi."

Ta ɗaga gefen rigarsa ta leƙa. Ba jini. Ɗan tabo ne ja, bai kai tafin hannu ba. Ya ce ta bar shi ya huta, zai wuce. Ta koma wankin kofuna tana satar kallonsa. Kafin butarta ta sake tafasa gumi ya jiƙa masa goshi, ga shi kuwa lokacin sanyi ne. Numfashinsa ya koma gajere-gajere, irin na wanda ya hau bene da buhu. Ya yi tari sau ɗaya, ya danne gefensa, hawaye suka fito masa.

Huseina ta yayyafa wa garwashinta ruwa, ta ce wa Khadiga mai abinci ta kula mata da kaya, ta tsayar da raksha, keken nan mai ƙafa uku. A hanya ya kama hannunta.

"Kada ki ce an dake ni."

"To me zan ce?"

"Hayaƙi. Ki ce ina da asma, hayaƙi ya tayar mini."

"Ba ka da asma."

"Huseina, yi mini alkawari."

Ta san abin da yake tsoro. Wanda ya je asibiti da raunin duka, takardar 'yan sanda ake nema, a rubuta wanda ya dake shi da inda aka dake shi. A kwanakin nan kuwa raunin kansa shaida ne cewa mutum ya fita zanga-zanga. Mako biyu da suka wuce aka ɗauke maƙwabcinsu Muhammad Sani daga kan gadon asibiti da ɗinki a ka, har yau matarsa ba ta san inda yake ba. Ga kuma wani tsoro da ya fi wannan daɗewa. Su biyun a ƙauyen leburorin auduga na Jazira aka haife su, iyayensu ma can, amma duk ranar da suka tsaya gaban wani jami'i mai tebur, da ya ji sunansu sai ya fara tambayar asali da takardar zama ɗan ƙasa. Sun saba bin gefen hanya idan sun hango hukuma.

"To," ta ce. "Na yi."

A tsakar harabar asibitin, ƙarƙashin wata darbejiya, an faka mota irin wadda ya faɗa. Maza huɗu cikin kayan gida na jingine da ita suna bin duk mai shiga da ido. Huseina ta ware gefen tob ɗinta, babban mayafin nan na matan Sudan, ta yafa wa mijinta kamar mai kare shi daga sanyi, ta riƙe shi suka wuce. Ba ta ɗaga kai ba.

Ɗakin gaggawa ya cika maƙil. Tari ta ko'ina, wasu a kan benci, wasu a ƙasa, ga warin ruwan tsamin da matasa ke jiƙa ƙyalle da shi su toshe hanci. Babban likitan da ke kan aiki, Dakta Salahuddin, dattijo ne mai furfura, idanunsa sun yi ja don gajiya. Ya tambaya da Larabci, Huseina ta amsa da Larabci: hayaƙi ne ya shigo kasuwa, mijinta na da asma tun da daɗewa. Tun azahar likitan ke jin irin wannan bayani. Ya ɗora abin sauraro a ƙirjin Gwadabe ta saman riga, daidai lokacin da wata mata ke kururuwa an shigo da ƙanenta jina-jina. Ya ce a sa masa oksijin da maganin shaƙa, ya juya wajen mai jinin.

Nas ɗin ɗakin, Sista Fatna, ta samar musu gado a lungu. Ta rufa masa abin shaƙa a baki da hanci, ta maƙala masa wani ɗan abu a yatsa mai nuna lamba, ta ce idan lambar ta haura casa'in, to iska na isar sa. Tamanin da takwas ta nuna. Maganin ya yi ta tururi har ya ƙare. Tamanin da biyar. Gwadabe ya ƙi kwanciya, ya zauna ya dafa gwiwoyi, kafaɗunsa na hawa da sauka. Leɓɓansa sun yi toka-toka.

Huseina ta sunkuya kusa da kunnensa ta yi Hausa. "Baban Layla, maganin nan ba ya yi. Bari in faɗa musu gaskiya."

Ya janye abin shaƙar. "Kul. Kin ga... na ƙofa."

"Mutuwa za ka yi a hannuna."

"Kin yi... alkawari."

Wata matashiyar likita na tsaye a gadon da ke kusa, ta ba su baya, tana rubutu a kati. Alƙalaminta ya tsaya. Ta juyo.

"Inna, wace gaskiya?"

Da Hausa ta faɗa. Hausa ce mai nauyin Larabci, amma Hausa ce. Huseina ta ji kamar an yaye labulen ɗakinta tana canja kaya. Tun tasowarta a cikin Hausa suke ɓuya a tsakiyar mutane, a mota, a ofis, a layin burodi, su faɗi abin da suke so ba mai ji. Ba ta taɓa kawowa mai farar riga za ta ji ba.

"Sunana Tasnim," in ji likitar. "Kakata Bahausa ce, a unguwar Alhilla Kuku take. Hausata kaɗan ce, ku yi haƙuri da ita." Ta sa alƙalamin a aljihu, ta kife katin a kan gado. "Ga shi, ba na rubuta komai. Me ya same shi?"

Gwadabe na girgiza kai. Huseina ta dube shi. Shekara ashirin da shida da aure, ba ta taɓa tona abin da ya ce ta rufe ba. Ta dubi jijiyoyin wuyansa da suka taso kamar igiya. Ta dubi lambar: tamanin da biyu. Ta sa hannu ta ɗage rigarsa har hammata.

Tabon ya bazu, ya yi baƙi. Tasnim ta taɓa wurin da yatsu biyu, Gwadabe ya zabura.

"Da me?"

"Gindin bindiga. Da takalmi," in ji Huseina.

"Tun yaushe?"

"Bayan azahar."

Tasnim ta saurari ƙirjin, hagu, dama, ta sake komawa hagu, ta rufe ido don ta ji da kyau, amma hayaniyar ɗakin ta fi ƙarfin kunne. Ta aika Fatna ta kira babban likita. Da ya zo ya ga tabon, sau ɗaya ya dubi Huseina. Bai yi mata faɗa ba. Ita ce ta sunkuyar da kai.

"A kai shi ɗakin hoto," ya ce da Larabci. "In iska ce ta taru, eksire zai nuna."

Tasnim ta ce, "Ɗakin hoto na ƙetaren haraba, Dakta, sai an bi ta gaban motar nan. Daga can nake, layi har waje. Kuma dubi wuyansa. Ba zai kai ba."

"Ba zan huda ƙirjin mutum da zato ba. In huhun lafiya yake, mu ne za mu fasa shi. Ni ban ji wani bambanci ba, ke ma ba ki tabbatar ba."

"Ba ni minti uku da na'urar sikanin."

"Wannan ta duba ciki ce. Ba ta ganin abin da iska ta tare."

"Shi ya sa nake son ta. Bara aka koya mana. Ba cikin huhun zan duba ba, bakinsa zan duba, inda yake gogar ƙirji."

Ya dube ta, ya dubi Gwadabe. "Minti uku. In ban gamsu ba, ni da kaina zan tura shi ɗakin hoto."

Fatna ta turo na'urar daga wani ɗan ɗaki, ƙafarta ɗaya na ƙara. Tsohuwa ce, gilashinta kamar na ƙaramar talabijin, an naɗe wayarta da filasta. Huseina ta gane ta. Irinta aka goga wa 'yarta Layla a ciki bara, aka nuna musu kan jariri.

"Daktora, wannan ai ta masu ciki ce."

"Ita ce, Inna. Taimaka mini mu kishingiɗar da shi."

Suka jingina shi da matashi biyu. Tasnim ta matsa wani mai mai sanyi a ƙirjinsa, ta ɗora kan na'urar a gefen hagu, mai lafiyar, ƙasa kaɗan da ƙashin wuya. Hoto baƙi da fari ya fito. Huseina ba ta ga komai ba sai dishi-dishi. Tasnim na yi wa babban likita bayani da Larabci, tana maimaita mata da Hausa.

"Baƙaƙen inuwoyin nan biyu haƙarƙari ne. Farin layin da ke tsakaninsu, nan huhu ke haɗuwa da bangon ƙirji. Zuba masa ido."

Ta zuba ido. Sai ta gani. Layin na motsi, yana zamewa gaba ya dawo baya, kamar jerin tururuwa a kan igiyar shanya. Gwadabe ya ja numfashi su tafi, ya saki su dawo.

"Huhu ne ke gogar bango. Muddin yana manne da shi, sai an ga wannan motsi. Yanzu dama."

Ta mayar da kan na'urar ɗaya gefen, daidai irin wurin. Inuwoyi biyu. Farin layi. Gwadabe na haki, ƙirjinsa na hawa da sauka a ƙarƙashin hannunta, amma layin na nan tsaye cik kamar an ja shi da alli.

Dakta Salahuddin ya gyara tabarau ya matso. "Sauka ƙasa."

Ta sauka tsakanin haƙarƙari na gaba. Ba motsi. Ta ƙara sauka. Ba motsi. Ta zagaya ta gefen hammata tana kauce wa tabon, ta yi ta tafiya baya-baya har kusa da katifa. A can ta tsaya. Rabin layin motsi na leƙowa idan ya ja numfashi, ya janye idan ya saki. Ɗaya rabin ko gezau.

"Ga bakinsa," in ji ta. "Nan huhun ya tsaya. Daga nan har gaba duk iska ce." Ta juyo ga Huseina. "Inna, ƙashin da ya karye ya soki huhu. Iska na fita daga huhun tana taruwa a cikin ƙirji, ba ta da mafita. Duk numfashin da ya ja ƙara ta yake yi. Ta danne huhun ya motse, yanzu ta fara danne zuciya. Sai mun buɗe mata hanya."

"Mayar hagu in sake gani," in ji Dakta Salahuddin. Ta mayar. "Dama." Ta mayar. Ya miƙe. "Sista, babbar allura da kayan sa tiyo. Da gudu."

Fitar Fatna ke nan hayaniyar ɗakin ta ragu, kamar an rage muryar rediyo. Huseina ta waiga. Ɗaya daga cikin mutanen motar ne ya shigo, dogo, da jaket ɗin fata. Yana bin gado-gado ba gaggawa, yana ɗaga mayafi, yana juya kan samari ya duba ƙeya. Ya tsaya kan wani mai karyayyen hannu, ya tambayi sunansa, ya rubuta a 'yar takarda. Saura gado uku ya iso lungun.

Rigar Gwadabe na sama, tabon a fili. Huseina ta zagaya gefensa na dama, ta jingina da gadon, ta saki tob ɗinta ya zubo a kan haƙarƙarin. Ta cikin yadin tana jin bugun zuciyarsa, da sauri kamar ta tsuntsu a hannu. Lambar ta koma saba'in da takwas.

"Wannan fa?" in ji mutumin.

Tasnim ba ta ɗago ba. Dakta Salahuddin ne ya amsa, cikin muryarsa ta gajiya. "Ɗan dako ne, huhunsa ya fashe. A irin shekarunsa tarin fuka muke fara zargi. Yanzu za mu huda ƙirjin, abin da ke ciki ya fito." Ya ciro ƙyallen rufe hanci daga aljihu ya ɗaura wa kansa a hankali. "In za ka tsaya, nemi irin wannan. Namu sun ƙare."

Mutumin ya dubi gilashin na'urar, bai gane komai ba. Gwadabe ya yi tari mai tsawo, ba da gangan ba. Mutumin ya ja da baya taku biyu, amma bai tafi ba. Idonsa na kan Huseina.

"Hajja, daga ina kuke?"

"Unguwar Umbadda."

"Kafin nan?"

"Jazira."

"Me kike rufewa? Matsa in gani."

Ƙafafunta suka ƙi ɗagawa. Ba ƙarfin hali ba ne, motsin ne ya gagara. Mutumin ya buɗe baki zai maimaita, sai ta ji nauyi ya faɗo mata a hannu. Kan Gwadabe ne. Idanunsa sun juye, numfashin ya koma shaƙuwa-shaƙuwa.

"Jininsa ya sauka!" in ji Tasnim.

Fatna ta iso da tire a guje, ta ratsa tsakanin mutumin da gadon. "Ba mu wuri!" Dakta Salahuddin ya daka tsawa, ya finciko labule ya zagaye gadon. Ta ƙarƙashin labulen Huseina na ganin baƙaƙen takalman mutumin, tsaye.

Tasnim ta sa yatsa a ƙashin wuyan Gwadabe, ta gangaro tana lalubar haƙarƙari, ta tsaya, ta goge wurin da aidin. Allurar da Fatna ta miƙa mata ta kai tsawon yatsa.

"Inna, kin yarda?"

"Bismillahi. Yi."

Ta soka. Huseina ta zaci jini zai yi tsartuwa. Ba jini. Wani dogon huci ne ya fito, irin na tayar da aka cire wa hanci, ya yi ta fita kamar ba zai ƙare ba. Mutum huɗu suka tsura wa ɗan abin yatsa ido. Sittin da tara. Sittin da tara. Huseina na salati a zuci, ta kasa kai shi ƙarshe, sai ta sake farowa. Saba'in da ɗaya. Saba'in da shida. Jijiyoyin wuyan suka fara kwanciya. A tamanin da huɗu Gwadabe ya ja numfashi mai zurfi, irin wanda bai ja ba tun azahar, ya buɗe ido yana kallon silin kamar wanda aka taso daga barci.

Da Huseina ta tuna ta dubi ƙarƙashin labule, ba takalma.

"Allurar ta ɗan lokaci ce," in ji Tasnim. "Yanzu za a sa masa tiyo. Fita ki jira, Inna, ba ki son ganin wannan."

Ta fita bayan labule ta durƙusa a ƙasa. Ta ji Dakta Salahuddin na cewa a miƙo maganin kashe zafi, ta ji ƙarar almakashi, ta ji nishin mijinta sau ɗaya mai ƙarfi. Da aka kira ta, wani siririn tiyo ya fito daga gefen ƙirjinsa ya gangara cikin kwalbar ruwa a ƙarƙashin gado. Duk tarin da ya yi sai ruwan ya yi kumfa. Tasnim ta sake ɗora kan na'urar a sama ta dama, inda ɗazu ba motsi. Wannan karon Huseina ba ta jira bayani ba.

"Yana tafiya, Daktora."

"Yana tafiya."

Dakta Salahuddin ya ɗauki katin da kansa. Ya rubuta cewa huhu ya fashe, ana binciken dalili, ya ce a kai shi ɗakin masu ciwon ƙirji a ba shi gadon bakin taga. Can mutanen motar ba sa son shiga. Kafin kiran magariba an tura shi ta ƙofar baya.

Washegari da safe, tana goge masa fuska, Gwadabe ya ce, "Kin karya alkawari."

"Na karya."

Ya daɗe yana kallon kwalbar. Can ya ce ta ɗan ɗaga masa matashi, bayansa ya gaji.

Tasnim na leƙowa kowace safiya, ta duba kwalbar, ta sa shi tari, ta wuce da sauri. Ranar Talata ba ta zo ba. Dakta Salahuddin ne ya zo ya cire tiyon, ya ce gobe za su iya tafiya gida, amma ba ɗaukar kaya sai bayan wata biyu. Huseina ta nemi Sista Fatna ta tambaye ta ina Daktora. Fatna ta ja ta wajen famfo, ta buɗe ruwa yana zuba, sannan ta yi magana. Jiya da rana aka ɗauke ta a bakin ƙofar asibiti, ita da wasu likitoci biyu. Ba wanda ya faɗi dalili.

"Saboda mu ne?"

"Saboda kowa ne, Hajja. Mutum nawa ta ɗinke ba ta rubuta sunansu ba?"

"Ina aka kai ta?"

Fatna ta kwatanta mata wani gini da ake tsare mata, inda dangi ke taruwa a bakin katanga ranar Asabar da kayan sawa da abinci.

Huseina ta kai mijinta gida ranar Laraba. Ranar Asabar ta bar shi wajen Layla, ta cika filas biyu da shayi, ta hau mota. Ita da ba ta taɓa zuwa ƙofar hukuma da ƙafarta ba, sai ga ta cikin mata kusan talatin a rana, tana tambaya a hankali ko akwai mahaifiyar Daktora Tasnim. Aka nuna mata wata doguwar mata mai tabarau, malamar makaranta, sunanta Hadizatu. Huseina ta gaishe ta, ta ba ta labari daga farko har ƙarshe. Matar ta saurara ba ta katse ta ba, sannan ta cire tabaran ta goge da bakin mayafi, ta matsa mata wuri a kan tabarma.

Asabar biyar Huseina ta yi a bakin katangar nan. Ba a taɓa barin kowa ya shiga ba. Wata rana a karɓi kayan, wata rana a ce su tafi da su, wata rana a fito a kore su har bakin titi su sake dawowa.

Ba ranar Asabar aka sako ta ba. Wata Laraba ce cikin watan Maris, da hantsi, Huseina na kasuwa tana fifita wuta, wayarta ta yi ƙara. Muryar Hadizatu ce, amma ba a jin abin da take cewa saboda guɗar mata a bayanta. Huseina ta toshe ɗaya kunnen ta shiga bayan rumfa. Sai wata murya ta karɓi wayar, ta dishe, tana tari.

"Inna, ni ce. Yaya Baba? Yana haki idan ya yi tafiya?"

"Daktora! Ke za a tambaya. Me suka yi miki?"

"Zan gaya miki wata rana. Yana haki?"

"Kaɗan, in ya yi sauri."

"Ki kawo shi ranar Lahadi in duba shi."

"Lahadi? Yau fa kika fito."

"Na gaji da zama, Inna. Ku zo da wuri, kafin layi."

Ranar Lahadi tun da sassafe suka je.